Kaskon Turare a Ɗakin Cire Haƙori

Aikina duba bakin mutane ne. Shekara goma sha wani abu ke nan ina yin sa a wani ƙaramin asibiti da ke tsakiyar gonaki, can wajen Ɗanbatta. Mutanen ƙauyukanmu Likita suke ce mini, na gaji da gyara musu na ƙyale su. Ni ba likita ba ne. Cire haƙori aka koya mini, da ciko, da wankewa, da haɗa haƙoran roba. Wanda bai taɓa aikin nan ba ba zai gane irin kusancin da ke cikinsa ba. Tsakanin hancina da buɗaɗɗen bakin mutum bai fi taƙi ɗaya ba, numfashin da ya fitar shi nake shaƙa. In kuwa na kunna injin fafe haƙori, ruwa da miyau da jini sai su tashi su zama wani feshi mai laushi, ba ka ganin sa sai hasken taga ya ratsa shi. Yakan daɗe yana yawo a ɗakin bayan mai haƙorin ya tafi gida.

Mu biyu ne a ɗakin, ni da wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista. Ta girme ni da 'yan shekaru, gajera ce, bakinta kuwa ya fi almakashinmu kaifi. Ita ke dafa kayan aiki, ita ke riƙe kan mai haƙori in ya fara zillewa, ita ce kuma ke gaya mini gaskiya ko ban tambaya ba.

Da aka fara maganar korona a rediyo, mu ma dariya muka yi kamar kowa, muka ce ciwon masu hawa jirgin sama ne, ina ruwansa da mai jaki. Sai ga shi an rufe hanya. Motocin haya da ke kai da komo tsakanin Ɗanbatta da Kano suka ɗauke ƙafa, ranar kasuwa ta zo ta wuce ba a ci ba, makarantu suka watse. Ban san cewa duk rayuwata cikin ƙarar mota nake yin ta ba sai da ta ɗauke. Da rana tsaka sai ka ji kukan kurciya daga ƙauye na gaba, ka ji guga na bugun bakin rijiya a gidan da ko hango shi ba ka yi sosai.

Lokacin bazara ne, an gama sharar gona ana jiran ruwa. A wajenmu babu daji, gona ce ke bin gona, gida nan gida can. Manoma sun riga sun kai taki da jakuna, sun zube shi tsibi-tsibi a jere, ba a baje ba tukuna. Kowace shekara haka ake yi, ban taɓa kallon sa sau biyu ba. A shekarar nan kuwa, in na hau babur da safe na bi burtali zuwa asibiti, sai in ga kamar sababbin kaburbura aka jera mini hagu da dama har iyakar ganina. Na koma kallon tayar gaba kawai.

Sannan waya ta fara kawo labari daga birni. Kullum da safe sai an kira: wane ya rasu, wane ma an kai shi jiya. Kusan duk dattawa ne. In ka tambayi abin da ya same su, amsar ɗaya ce, ɗan zazzaɓi ne na kwana biyu, sai numfashi. Ba mai kiran sunan ciwon. Ni kuwa duk sanda aka ce dattijo, mutum ɗaya nake gani, mahaifina.

Baba ya haura saba'in a lokacin. Malami ne, manoman unguwarmu ke zuwa zaurensa bayan asuba da bayan la'asar su ɗauki karatu. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" yake cewa. Gida ɗaya muke, sashena da iyalina daga ciki, ɗakinsa kusa da zaure. Tun da Inna ta rasu, ni da shi muke cin tuwo a kwano ɗaya bayan magariba, ba fashi. Ba ya magana a kan abinci. Sai dai in ya ga na rage hannu, ya turo mini naman da ke gabansa da ɗan yatsa ba tare da ya dube ni ba. Duk tsoron da na ji a shekarar nan ɗaya ne: kada in ɗauko ciwon daga bakin wani in kai wa tsohon nan.

Aka aiko mana da takunkumi daga ofis, irin farin nan mai tauri kamar ƙoƙo, mai igiyar roba biyu da ɗan ƙarfe a kan hanci. Biyar-biyar aka ba mu, aka ce mu yi maneji. Sista ta samo ambulan ta rubuta Litinin zuwa Juma'a ta jera su a igiya, wanda ka sa yau ya huta har mako ya zagayo. Sannan ta nuna mini a wayarta yadda ake sa shi. Ba kamar shuɗin nan mai laushi da muka saba da shi ba ne. Wannan sai bakinsa ya manne da fata ko'ina, in aka samu 'yar kafa sai iska ta bar tsakiyar da ke tace ta ta bi ta gefe, feshin nan ya shige maka kai tsaye. Ta ɗago daga wayar ta dubi haɓata.

"Malam, gemun nan fa?"

"Me ya yi miki?"

"Ni bai yi mini komai ba. Takunkumin ne ba ya zama a kan gashi. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. To wannan karon ba ruwa ake so ba, aska ake so."

Tun ina saurayi aska ba ta taɓa haɓata ba. Ranar da Baba ya lura na tsayar da gemu, sai ya miƙo mini ɗan matajinsa na katako, wannan kuwa a wurinsa ya fi doguwar huɗuba. Na yi ta kwatanta kaina ina shiga zaure da haɓa sumul kamar ƙwai, ɗan malam guda, a gaban ɗalibansa. Na ce ba zan iya ba. Ban kuwa tambaye shi ba, na yanke wa kaina abin da zai ce na zauna a kai. Ni da kullum nake yi wa mutane wa'azin rigakafi ya fi magani, ashe wanzami ne ba ya son jarfa.

Sista ta ce to a gwada a gani. A wayar akwai wani ruwa mai ɗaci da ake fesa wa mutum don a san ko takunkuminsa ya zauna, mu ba mu da shi. Washegari ta zo da kaskon turaren wuta daga gidanta. Ga tsarin da ta fito da shi: ka sa takunkumi da tabarau, ta lulluɓa maka farin zanen da muke rufe kujerar aiki tun daga ka har kafaɗa, ta barbaɗa turare a garwashi ta tura kaskon ƙarƙashin zanen. Ka yi numfashi, ka juya kai hagu da dama, ka ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi. Da na yi mata, ta ce ƙamshin na iso ta kaɗan-kaɗan, kamar daga gidan maƙwabta, amma hayaƙin bai shiga ba. Ni kuwa ban kai huɗu ba na yaye zanen ina tari, turare ya bi ta cikin gemu ya cika mini hanci.

Haka muka mai da shi aikin kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, kuma kullum faɗuwa nake yi. Na rage gemun da almakashi. Na shafe shi da mai na kwantar. Na naɗe shi da bandeji na ɗaure a ka kamar mai hangum, na bi gefen takunkumin da filasta. Duk da haka sai turaren ya samu hanya. Sista ta ce in dai ba zan aske ba, to in daina kunna inji, mu tsaya a cire haƙori da ba da magani. Na ce to, a baki.

A gida na ɗauki matakin da na ga zan iya. Na daina shiga ɗakin Baba. In na dawo sai in zagaya ta ƙofar baya in yi wanka, in gaishe shi daga tsakar gida. Ɗalibansa na roƙe su suka dakata da zuwa. Tuwo kuma aka riƙa raba mana kwano biyu. Da na yi masa bayani ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ku ne masu ilimin zamani," bai ƙara ba. Bayan kwana kaɗan maiɗakina ta fara nuna mini kwanonsa in an fito da shi, loma biyu ko uku, miyar ta daskare a kai. "Baba fa ba ya iya ci shi kaɗai," in ji ta. Na ce na gani. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, abin yana ci mini rai.

Ana cikin haka, wata Juma'a aka kawo mana wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, wanda ya dawo ƙauyensu gab da za a rufe hanya. Tun kafin annoba na auna bakinsa zan yi masa haƙoran roba na gaba, na zuba ma'aunin da farar hodar nan mai daskarewa, siffar bakinsa na nan a kan kabad tare da na wasu. Yanzu kuma haƙorin turmi ne ya hana shi sakat. Da na kama zan cire sai ya karye, saiwar ta maƙale a ciki, ba yadda za a fitar da ita sai da inji. Sista ta dube ni ta saman tabarau, na kau da kai na ce a tada janareta. Mutum na hawaye a kujerarka, ba za ka ce masa ya dawo bayan annoba ba. Kusan rabin awa na yi a kan bakinsa. Jikinsa da zafi, yana ɗan tari yana ba ni haƙuri, wai ƙurar hatsi ce ta shekara da shekaru. Ina kallon feshin a hasken taga yana sauka a hannun rigata.

Ya ce zai dawo Alhamis a gwada masa haƙoran. Alhamis ta zo bai zo ba, sai wani mai babur ya gaya mana an binne shi tun jiya. Ba shi kaɗai ba ne. Siffofin baki biyar ne a kan kabad ɗin nan, farare, a buɗe, kowanne da giɓinsa, kuma na san mai kowanne: wannan goro ne ya cinye masa, wancan jaki ne ya harbe shi yana yaro. Biyu daga ciki masu su sun kwanta dama. In ina aiki sai in ji kamar ana kallon bayana, alhali ko ido ba su da shi. Na ce wa Sista ta rufe su da tawul. Ta rufe ba ta tsokane ni ba, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Na shiga ƙirga kwanaki. Larabar mako na gaba na tashi da ɗan ciwon kai da nauyin jiki, na ɗora wa zafin bazara. Na naɗe gemu, na manna filasta fiye da kullum, Sista ta lulluɓa mini zanen. Ciki fari fat, hasken safiya na ratsowa. Na ga kaskon ya shigo, na ga hayaƙi ya miƙe yana murɗawa a gaban tabarauna. Na ja numfashi. Ba komai. Na juya hagu, na juya dama, na ƙirga goma, na ƙara goma. Hayaƙin na nan ina kallon sa kamar a talabijin, ba ƙamshi ba wari.

"Malam? Kana ciki kuwa?" Muryar Sista ta zo a hankali. Daga baya ta ce tsayuwar da na yi shiru cikin farin zane ce ta sa tsigar jikinta ta tashi.

Na yaye na ce, "Ya zauna! Yau ko ɗis ban ji ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Nawa ya ma fi naki."

Ta ce to alhamdu lillahi. Alhamis ma haka, Juma'a ma haka. Na yi ta yi mata ba'a, na ce ga gemu ga takunkumi sun yi sulhu, wanzami ya yi asarar ciniki. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Juma'ar nan ta cika kwana goma sha huɗu da aikin Alhaji, adadin da rediyo ke cewa a jira. Ba zazzaɓi, ba tari, takunkumi ya zauna kwana uku a jere. Da magariba na ce wa maiɗakina ta zuba mana a kwano ɗaya, na ɗauka da kaina na kai zaure. Baba ya dubi kwanon, ya dube ni.

"An ɗage dokar ne?"

"An ɗage, Baba."

Ya matsa mini a tabarma. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Na ji kamar an manta daddawa, amma ban ce komai ba don kada in ɓata zaman. Shi kuwa ya ci, ya ci, har ya suɗe yatsu. Da muka wanke hannu ya ce turminsa na hagu na girgiɗi tun kwanaki, bai faɗa ba ne don ya ga ina gudun sa. Na kunna fitilar waya na ce ya buɗe baki. Na sunkuya a kansa kamar yadda nake yi wa kowa, ba takunkumi, ai gida ne. Na daɗe ina dubawa ina yi masa bayani, ina jin daɗin kaina.

Bayan kwana biyu aka ga wata. Da azumi ya kama muka ajiye kasko, don hayaƙin turare in mutum ya shaƙe shi da gangan har maƙoshi yana karya azumi, wannan tun ina yaro na ji shi a zauren Baba. Gwaji ya tsaya ke nan. Kasala kuwa da ciwon kai, wa ba ya yin su a farkon azumin bazara? Kunun buɗa baki na ji shi lami, na ce bakin mai azumi ne. Kowane abu sai na samo masa wurin ajiyewa. Muka ci gaba da shan ruwa tare da Baba.

Rana ta huɗu ga azumi aka kawo wata mata da kumburin muƙamuƙi, ya nuna ya tara mugunya. Da na tsaga, Sista ta ja da baya ta je ta bankaɗe taga, mijin matar ya fice yana toshe hanci. Irin wannan warin ba takunkumin da ke tare shi duka, na san shi shekara da shekaru, yakan bi ni har gida. Na ce, "Lafiya?" Sai da muka sallami matar, sannan ta ce in fito waje. A ƙarƙashin darbejiya ta ajiye kwalbar man kanumfari a kan benci, wanda muke sa wa ramin haƙori, wanda ƙamshinsa ya kama har rigunana na Sallah. Ta tsaya nesa.

"Cire takunkumin ka sunsuna."

Na cire, na buɗe kwalbar, na kai hanci har ya taɓa bakinta. Kamar ruwa.

"Jiya na gani a waya," in ji ta. "Masu ciwon nan, da yawansu jin ƙamshi ne ke fara ɗauke musu. Malam, takunkuminka bai taɓa zama ba. Hancinka ne ya mutu."

Ta ƙara ja da baya taku biyu, ban kuwa ga laifinta ba. Matar da ta saba da faɗa sai ga hawaye a saman takunkuminta, tana cewa ita ta kawo kaskon, ita da kullum take jin ƙamshi kaɗan ya kamata ta gane tun ranar da na ce ko ɗis. Ban tsaya rarrashin ta ba. Laraba, Alhamis, Juma'a nake ta maimaitawa a raina. Sai na tuna da asubar ranar nan Baba ya ce jikinsa ba daɗi, a ba shi mayafi, a cikin wannan zafi.

Ban san yadda na hau babur ba. Rana tsaka, ba kowa a gonaki, hadari ya taso daga gabas ya tsaya cak ba iska. Na wuce ta tsakanin takin da rana ta dafa, na wuce mushen akuya da ungulu suka kewaye a bakin burtali, na wuce inda ake ƙona shara. Duk ina gani, ba abin da ya iso hancina. Tsoro irin wannan ban taɓa ji ba.

Tun daga ƙofar gida na jiyo karatunsa. Baba mutum ne mai dogon numfashi, yakan ja aya mai tsawo ya dire ta bai tsaya ba. Ranar nan sai na ji yana tsayawa a inda ba a tsayawa. Kalma uku, ya yi shiru, ka ji iska na shiga da ƙyar, ya koma baya ya sake ɗauka. Na daɗe a tsaye ina sauraro, na kasa ɗaga labulen.

Da na shiga yana zaune a kan buzu ya jingina da bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaya masa komai, gemu da takunkumi, Alhaji da inji, kasko da kanumfari. Na ce, "Baba, ni na kawo maka."

Ya daɗe yana tara numfashi.

"Da ka aske... zai zauna?"

"Zai zauna, Baba."

"To me ya hana ka?"

"Kunyarka na ji."

Ya rufe ido. Na ɗauka faɗa zai yi, na ma fi son ya yi. Sai na ga kafaɗarsa na motsi, dariya yake nema ya yi tari ya tare ta.

"Kai wannan... shekara nawa kana zama a zauren nan? Gemu sunna ne. Tsare rai wajibi. Da ka tambaye ni... da ni zan aika a kira maka wanzami. Gashi ne fa. Yana tsirowa."

Na ce yanzu-yanzu zan je in aske. Ya ɗaga hannu.

"Yanzu kuma bar shi. Kada ka yi asara biyu."

Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban mahaifina.

Na roƙe shi mu nemi mota ko ta halin ƙaƙa a kai shi birni. Ya ce birnin da kullum ake fita da mutane? Ya ce a bar shi a ɗakinsa, in kwana ya ƙare ko a ina ne ya ƙare, kuma kada in ƙara cewa ni na kawo, mai kawowa daban ne. Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san wanda ya sunkuya a kan bakinsa. Na sa maiɗakina da yara suka tsaya a sashensu, ana ajiye mana abinci a bakin ƙofa. Ni da ba abin da ya rage in tsare, na koma ɗakinsa gaba ɗaya, ina juya shi, ina shafa masa ruwa, ina ba shi ɗan maganin da nake da shi, wanda bai taka kara ya karya ba. Na ce ya ajiye azumi, sai da na kawo masa hujja daga karatun da shi ya koya mini sannan ya karɓi ruwa. Nawa ciwon kuwa bai wuce kasala da mataccen hanci ba, wannan ma wani abin haushi ne.

Kwana shida ya yi. Ya cika tsakanin azahar da la'asar, kansa a kan cinyata. Ba wanda ya gwada shi, ba wanda ya gwada ni, har yau ba ni da takardar da ta ce ciwon ne. Mutanen unguwa suka ce zazzaɓin bazara ne da tsufa. Ni na yi masa wanka, na hana kowa taya ni, aka ce son lada ne. Wani daga bakin ƙofa ya tambaya ko turaren da aka sa wa likkafanin ya isa ko a ƙaro. Na ce ya isa.

Zaman makoki na ce a taƙaita, amma wa zai hana mutane gaisuwar malaminsu? Na shimfiɗa tabarmata can gefe a ƙarƙashin ɗorawa, duk wanda ya miƙo hannu in dafa ƙirji. Rana ta uku wani dattijo maƙwabcinmu, abokin Baba tun suna yara, ya dogara sandarsa ya zo ya tsaya a kaina. Na roƙe shi ya ɗan ja baya, ko bai ji ba ko bai ga dama ba.

"Likita, bari in gaya maka abin da zai sanyaya maka rai," in ji shi. "Asabar ɗin nan kafin azumi mun gaisa da Malam ta kan danga. Na ce masa yau na ga fuskarka da haske. Ya ce, 'Jiya na ci na ƙoshi, yaron ya dawo kwano.' Wallahi har sau biyu ya faɗa. Ka faranta masa a ƙarshen kwanansa, ba kowane ɗa ke samun wannan ba. Allah ya yi maka albarka."

Mutanen da ke kusa suka ce amin. Ni ma na ce amin. Sai ya juya a hankali ya bi ta cikin gona zuwa gidansa.